Ranar da Na Kashe Karfasa a Gaban Masunta

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bazarar 1992 ba, ranar da na tsaya a gaban masunta da Bulamansu don in koya musu yadda ake ceton kifi, na ƙare da kashe musu shi a kan idonsu. Yanzu furfura ta cika mini kai, na yi ritaya, ina da jikoki, amma in labarin ya faɗo mini a rai har yau sai in ji kunya ta kama ni kamar jiya aka yi.

A lokacin ni sabon malamin kemistiri ne a wata makarantar sakandare a Haɗeja. Shekarata ɗaya da gama bautar ƙasa, ba ni da mata, ina da keke, da jakar hannu, da wani irin ji da kai wanda ban san inda na samo shi ba. In na shiga ɗakin malamai ana hira, ko a kan noman alkama ce sai na kawo musu bayanin sinadaran da ke cikinta. (Sai daga baya na gane dalilin da ya sa hira take mutuwa da zarar na ja kujera.)

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na karanta wani abu da ya tsaya mini a zuciya. Akwai wani gari da ake kira ziyolait, kowace ƙwayarsa cike take da ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani. In gurɓataccen ruwa ya ratsa ta cikinsa, sai ramukan su kama gubar ƙarfe irin su dalma, ruwan ya wuce. Abin da ya fi burge ni shi ne, ana iya yin garin daga tokar kwal, wadda ita kanta tana cikin abubuwan da ke lalata ruwa: a dafa tokar a cikin ruwan soda, irin sodar da mata ke sabulu da ita, na tsawon lokaci, sai ta rikiɗe. Na kwafe bayanin kaf a littafina da jan biro da shuɗi. Ban taɓa yi da hannuna ba, ban ma taɓa ganin an yi ba, amma wannan bai hana ni yin maganarsa kamar ni na ƙirƙiro shi ba.

To, a makarantarmu akwai shugabar masu dafa abinci, Mama Saratu, 'yar kudancin Kaduna ce da ta fi shekara ashirin a Haɗeja. Ranakun da ba aiki tana yin sabulu a bayan kicin. Ita ce take tausaya wa gwauro irina ta ɗan ajiye mini ƙanzo da miya, saboda haka ba na rabuwa da wajen. A nan na san Baba Maikoma, Sarkin Ruwan wani ƙauye da ke bakin fadama, tafiyar kamar rabin awa a keke. Shi yake kawo wa makaranta busasshen kifi. Dattijo ne dogo, mai ƙarancin magana, in zai ce abu sai ya fara duban ƙasa tukuna.

Wata rana na tarar yana yi wa Mama Saratu bayanin abin da ya sa kifin ya yi ƙaranci. Wani attajiri, Alhaji Sule, ya kafa injin casar shinkafa a gefen ƙauyensu, da wata ƙatuwar tukunyar turara shinkafa. Da itace ya yi wuya, sai ya koma kawo kwal a mota daga kudu. Tokar kuwa ana jibge ta a kan gangaren da ke saman tabkin garin. Damina biyu ke nan ruwan sama yana wanko ta cikin tabkin. Kifi ya ragu, wanda aka kama ma wani da gyambo a jiki, shanun Fulani in sun zo wannan ɓangaren sai su sunsuna su kau da kai. Kuma tabkin nan shi ne rumbun garin: sau ɗaya a shekara ake buɗe shi a yi su, wato kamun kifi na gayya, abin da aka kama a yi bandarsa, da shi gidaje da yawa suke lallaɓawa har kaka.

Baba ya ce ya samu Bulama, wato mai garinsu, ya yarda zai zaunar da su da Alhaji kafin ruwa ya sauka. Buƙatarsu ɗaya ce, a kwashe tokar a mai da ita bayan tudu, inda ba hanyar ruwa ba.

Ni da ba a sa da ni ba, sai na ajiye kwanon ƙanzona na ce, "Baba, ai wannan ba maganar roƙo ba ce. Ku bar ilimi ya yi magana. Zan nuna wa kowa tokar nan guba ce, kuma zan nuna yadda ita kanta za ta zama maganin ruwan."

Ya dubi ƙasa, ya ɗago ya dube ni. "Tokar da ke kashe kifin, ita ce kuma maganin?"

"Ita ce, Baba."

"To, Malam. Allah ya sa mu ga alheri."

Washegari na je na ciko rabin buhu da toka na ɗauro a keke, na iso gari fururu kamar wanda ya fito daga injin niƙa. Na roƙi soda a wajen Mama Saratu. Na zuba toka da ruwan soda a tukunyar alminiyam ɗina, ita ke nan gare ni, na ɗora a wuta. Kafin azahar tukunyar ta yi kumfa, ta yi baƙi, gindinta ya huje, komai ya tsiyaye cikin murhu. Mama Saratu ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, soda ba ta shiri da irin wannan tukunya. Kowace mai sabulu ta san haka." (Ni ma na sani. Na ma taɓa ba ɗalibai tambayar a jarrabawa.) Ta ara mini rabin durom na ƙarfe da take nata aikin a ciki.

Yini biyu na yi ina dafa toka a bayan kicin, ina ƙara ruwa, ina juyawa da sanda, hayaƙi yana cin idona. A ƙarshe na samu wani gari mai laushi, launinsa tsakanin fari da toka-toka, bai kai kwano biyu ba. Ban taɓa son wani abu da na yi da hannuna kamar yadda na so garin nan ba.

Ga inda na yi aika-aikar. A littafina, da jan biro, har na ja layi a ƙarƙashi, an ce a yi ta wanke garin da ruwa mai kyau har sai ƙarfin sodar ya fita gaba ɗaya. Na zuba shi a ƙyalle na kwarara ruwa sau ɗaya, sai na ga wani farin ruwa yana fita da ɗan garina a ciki. Raina bai so ba. Na ce a zuciyata, in na yi haka sau goma ai ba abin da zai rage sai ƙyallen. Na matse, na shanya a rana. Akwai takardar gwajin ƙarfin ruwa a aljihun teburin ɗakin gwaje-gwaje, wadda ake tsomawa ta canja launi, mabuɗin ɗakin ma yana aljihuna. Ban je na ɗauko ta ba. Tsoron abin da za ta gaya mini nake yi, ko da yake a lokacin ce wa kaina na yi ba ni da lokaci.

Ana saura kwana biyu zama, Baba ya zo da tulu a bayan kekensa, da karfasa huɗu masu rai a ciki.

"Malam, ga waɗannan. Ka fara gwadawa kai kaɗai, kafin a shiga idon jama'a."

Na yi godiya, ya tafi. Na leƙa tulun. Manya ne, sun yi ɓul-ɓul. Ni kuma na yi mako uku ina cin garau-garau safe da rana. Na ɗauki tulun na kai wa Mama Saratu.

"Ba na gwajin ba ne?" in ji ta.

"Mama, gwajin nan an riga an gama shi a ƙasashen da suka ci gaba. Maimaitawa ɓata kifi ne."

Ta dube ni, ta ɗauko wuƙa. Gaskiya ɗaya ce, sun yi daɗi, har da yaji ta barbaɗa mini.

Ranar Asabar da hantsi muka isa ƙauyen. Mama Saratu ta biyo ni, don daro biyun da zan yi aiki da su nata ne, kuma tana son sayen ɗanyen kifi. Na sa farar rigar ɗakin gwaje-gwaje a kan kaftanina, a cikin zafin bazarar Haɗeja, wai don a san ba da wasa na zo ba. An shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya. Bulama yana zaune a kan buzu, masunta sun kai talatin, wasu Fulani biyu sun jingina da sandunansu a gefe. Can sai ga Alhaji Sule a a-kori-kurarsa. Na zaci zan ga wani mai ɗaga hanci, sai na ga mutum mai fara'a, ya tuɓe takalmi ya bi kowa ya gaisa.

Baba ya yi bayani a taƙaice, bai zagi kowa ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban gamsu tokata ce ke kashe kifi ba. Amma a wajen mutanen nan nake sayen shinkafa, da su nake sallar Juma'a. In sun ce a kwashe, zan sa a kwashe kafin ruwa."

Aka yi ta gyaɗa kai. Bulama ya ce, "Alhamdulillahi, magana ta ƙare," ya ɗaga hannu za a shafa fatiha.

Ka duba halin da nake ciki. Na ƙona tukunyata. Na yi yini biyu a cikin hayaƙi. Ga ni cikin farar riga gumi yana bin bayana, ga jawabi shafi uku a aljihu, kuma za a tashi ba wanda ya ko tambayi me ke cikin bokitin da na zo da shi. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Bai kamata a yanke magana a kan zato ba. Alhaji ya ce bai gamsu ba, ni kuwa na zo da abin da zai gamsar da shi."

Bulama ya sauke hannunsa a hankali. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Madalla da malamin makaranta. Haka ma ya fi. In ya nuna tokar ce, yau ɗin nan zan fara kwasa. In kuma bai nuna ba, kun ga ba sai na wahalar da leburorina ba."

Na waiwayi Baba don in ga ya yi murna. Kansa yana ƙasa.

Na zaro takardata na yi musu jawabi, ban rage ko layi ɗaya ba. Na yi maganar ramukan da ido ba ya gani, na zana su a ƙasa da tsinke. Wani tsoho ya yi gyangyaɗi ya farka ina nan ina yi. Da na gama, aka ɗebo ruwa daga gindin tsibin tokar, ruwa mai duhu, da wani abu yana yawo a samansa. Na zuba rabi a daro na farko yadda yake. Sauran rabin na bi da shi ta cikin bokitin da na huda gindinsa na shimfiɗa ƙyalle da yashi da garina. Ya ɗiɗɗigo cikin daro na biyu garau, kana ganin zanen furen da ke gindin daron. Jama'a suka matso, na ji ana cewa "ikon Allah" ƙasa-ƙasa. A wannan ɗan lokacin, in ka ce mini za a kira ni Legas a ba ni lambar yabo, ba zan yi musu ba.

Baba da kansa ya kawo karfasa huɗu da aka kamo da safen nan. Ya saki biyu a ruwan toka, biyu a ruwana.

Na ruwan toka suka zaga daron sau biyu, suka samu gefe suka tsaya suna kaɗa jela, hankalinsu kwance. (Na fi kowa sanin irin wannan guba a hankali take ci, wata da watanni. Me nake tsammanin za ta yi a cikin kwata ɗin awa? Har yau ban samu amsa ba.) Na ruwana kuwa, suna shiga suka fara zabura, suna dukan gefen daro, suna tsalle.

"Kun gani ko?" na ce da ƙarfi. "Murna suke yi. Sun daɗe ba su ji ruwa mai tsabta ba."

Mutanen nan a cikin kifi aka haife su, sun san murnarsa, sun san kuma abin da suke kallo. Ba a jima ba kifin suka taso sama suna buɗe baki, wani farin yauƙi ya lulluɓe musu jiki. Ɗaya ya karkata, ya yi ƙoƙarin miƙewa, ya juya cikinsa sama. Na biyun ya ɗan ƙara daurewa, sannan ya bi shi.

Na tsaya da tsinken zanena a hannu, ina fata ƙasa ta tsage in shige. Alhaji bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai sunkuya a kan daro na farko ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Waɗannan kam lafiyarsu ƙalau."

Mama Saratu ta ratso maza ta durƙusa ta gaida Bulama, ta tsoma yatsu biyu a ruwana ta murza su.

"Malam, wannan ai ruwan sabulu ne, ji santsi. Sau nawa ka ɗauraye garin?"

"Sau ɗaya, Mama."

"Sau ɗaya." Ta goge hannu a zaninta. "Durom ɗin da na ara maka, in na gama sabulu, sai na wanke shi sau biyar kafin in yarda akuya ta sha ruwa a ciki."

Sai Baba ya ɗago kai, ya yi tambayar da nake ta addu'a kada ya yi. "Malam, huɗun da na kai maka shekaranjiya, su ma haka suka yi?"

Mama Saratu ta mai da idonta kan tsamiya. Na duba hagu, na duba dama, ba mafita.

"An soya su, Baba."

Wani daga baya ya yi tari irin na mai danne dariya, sai ta kuɓuce wa mutum biyu-uku, har Fulanin nan suka juya baya kafaɗunsu suna rawa. Bulama ya tsawatar. Sannan ya ce shi ba zai iya tilasta wa mutum kwashe toka ba alhali kowa ya ga kifi yana iyo lafiya a ruwanta. A bar maganar sai an ga abin da hali ya yi. Aka shafa fatiha, wannan karon ban hana ba. Alhaji ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, a ci gaba da bincike, Allah ya taimaka," ya shiga motarsa.

Jama'a suka watse. Ina ta kokawa da igiya zan ɗaure bokiti a keke, sai ga Baba ya karɓi igiyar ya ɗaure mini tam. Na fara ba shi haƙuri, kalmomin suna harɗewa. Ya bari na gama.

"Malam, ba ka yi don ka cuce mu ba, na sani. Amma abin da muka zo nema, mun riga mun same shi kafin ka miƙe tsaye."

Ya ɗauki matattun kifin nan biyu ya je ya binne su nesa da tabki, don kada kaji su ci. Ban taɓa jin maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba, kuma ba a ɗaga murya aka faɗe ta ba.

A makon da ya biyo baya, ni da Mama Saratu muka wanke sauran garin sau tara, tana murzawa da yatsa tana cewa "saura," har ta ce ya yi. Na ɗauko takardar gwajin ta tabbatar da abin da yatsunta suka riga suka faɗa. Na tace ruwan tabkin da garin, na sa karfasa biyu da na samo a bakin kogi, suka yi mako guda suna iyo, kuma ban cinye su ba. Na hau keke na je na gaya wa Bulama. Ya saurare ni da mutunci, ya sa aka kawo mini fura, ya ce, "Malam, ai mun ga na farko." Na je wajen Alhaji, aka ce ya yi tafiya, na koma, aka ce yana barci. Ban ga laifinsa ba.

Ruwa ya sauka a kan lokacinsa ya wanke gangaren nan cikin tabki. Sun da aka yi a ranin da ya biyo baya bai yi albarka ba. 'Ya'yan Baba biyu suka tafi kamun kifi wajen tafkin Chadi, ƙaramin ya dawo bayan shekara biyu, babban ya yi aure a can ya zauna. Sai da aka ƙara damina biyu motocin kwal suka daina zuwa, Alhaji ya koma ƙona buntun shinkafa, tabkin ya fara farfaɗowa da kansa, ba da ilimina ba. Baba ya ci gaba da kawo kifi makaranta, yana gaishe ni kamar kullum, yana tambayata ɗalibai. Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ban taɓa iya haɗa ido da shi sosai ba.

Garin ziyolait yana aiki, wannan ba shakka, in an wanke shi. Na koyar da shi shekara da shekaru, kuma ɗalibaina sun san ba mai taɓa kifi a ajina sai ya nuna mini takardar gwaji. Amma babban karatun da na ɗauko daga gindin tsamiyar nan ba na kemistiri ba ne. Na zauna a taro iri-iri bayan haka, na malamai, na iyaye, na unguwa, har na zama shugaban makaranta. Duk inda na ga an daidaita, babba ya ɗaga hannu ya ce a shafa, ni ne na farkon ɗaga nawa, ko da jawabina yana aljihu ban karanta ba.